Ranar da Na Shiga Kabarin Jiƙaƙƙu

Mu 'yan Fagge da labarin jiƙaƙƙu muka tashi. A bayan katangar tsohuwar maƙabartar Kirista da ke bakin Sabon Gari akwai wani lungu, inda wasu 'yan tudun ƙasa suke jere, rubutun duwatsunsu duk ya goge. Ana cewa mutanen da jirgin ruwa mai hayaƙi ya nutse da su a kogin Kwara ne kwance a wurin, tun zamanin Turawa. Ibo ne mazauna Sabon Gari, sun tafi ganin gida ba su isa ba. Yadda aka yi gawar da ta nutse a Kwara ta iso Kano, ba wanda ya taɓa tambaya. Mu dai abin da muka sani shi ne da tsakar rana suke fitowa, tufafinsu na ɗigar da ruwa, su tare mutum su tambaye shi hanyar tasha. Har yau akwai ɗan adaidaita sahun da zai rantse maka ya taɓa ɗaukar ɗayansu, ya waiwaya a mahaɗar Bata bai ga kowa ba, sai kujera sharkaf.

Ni ban taɓa yarda ba. Malamin firamare ne ni, ɗan gidan malamai, kuma na daɗe cikin masu haƙan kabari saboda Allah a unguwarmu. Matattu ba su taɓa tare ni a hanya ba, rayayyu ne dai ke ba ni ciwon kai.

Akwai wata tsohuwa da muke kira Mama, mai sayar da zare da maɓalli a kusa da Bata. Haihuwar Sabon Gari ce, Hausarta ta fi ta wasu 'yan cikin gari. Aminiyar mahaifiyata ce, ita ta saya mini takalmin makaranta na farko, kuma har na yi furfura ba ta daina ce mini ɗana ba. Kabari na uku a jerin nan na mahaifinta ne. Tana goye jirgin ya nutse da shi, ba ta san fuskarsa ba, ko hoto babu. Tudun ƙasar nan shi ne duk abin da take da shi na uba.

Sai wani Alhaji mai shagunan yadi, wanda bayan sito ɗinsa ya jingina da lungun, ya fito da takarda ya ce filin nasa ne, zai ƙara gini. Ya ce tun da wurin yana wajen katanga, ai ba maƙabarta ba ne, tatsuniyar yara ce kawai ta tsare shi. Ba mugun mutum ba ne, amma idan ya kafe a kan magana, sai Allah. Mama ta kai ƙara wurin mai unguwa. Aka yi zama uku ba a daidaita ba. A na huɗu Alhaji ya ce a tona kabari ɗaya, in an ga ƙashin ɗan Adam ya haƙura har abada, in ba a gani ba a bar masa filinsa.

Wani dattijon cocinsu da ya rako ta ya yi ta girgiza kai, yana cewa kada a tona, a nemi wata hanya. Na ɗauka girmama mamaci ne ya sa. Mama kuwa ranta ya riga ya ɓaci, ta ce a tona na ubanta, ba na kowa ba, don Alhaji ya gani da idonsa ya ji kunya. Da aka ce sai an sami wanda kowa ya amince da shi ya shiga ramin, ni ta nuna. Ta ce ɗanta ne, ya san ƙasar kabari, kuma ba ya ƙarya. Alhaji ya ce ya yarda. Ni kuma, wauta ta sa har na ji daɗin yabon.

Ranar Asabar da hantsi na isa, na tarar wurin ya cika. 'Yan dakon kasuwar Kwari da samarin Fagge a gefe guda, matasan Sabon Gari a ɗaya gefen, tsakaninsu bai fi taku goma ba. 'Yan sanda biyu suna ƙarƙashin darbejiya suna kallo. Duk wanda ya zauna a Kano ya san yadda ƙaramar magana a kan maƙabarta take iya zama wata aba kafin la'asar. Na yi nadamar zuwa.

Leburorin da Alhaji ya kawo suka ƙi taɓa ƙasar. Babbansu ya ce shi yana da iyali, ba zai tono jiƙaƙƙu da tsakar rana ba. Mai unguwa ya sa na yi alkawari a gaban jama'a cewa zan faɗi abin da na gani tsakanina da Allah. Na tuɓe babbar riga, na karɓi diga da shebur.

Tun a sara na farko na san an taɓa haƙa wurin. Ƙasar da aka taɓa juyawa ba ta komawa yadda take, ko shekara nawa ta yi. Hankalina ya ɗan kwanta. Da na kai gwiwa sai ƙasar ta fara fitowa da danshi, na ji gunaguni ya tashi a sama, wasu suna ja da baya. Na san akwai tsohon bututun famfo da ke yoyo a bayan katangar, amma wa zai saurare ni? Na ci gaba. Da na kai ƙirji na ajiye diga, na koma tono da hannu.

Na sami baƙin layin katakon akwatin gawa da ya ruɓe ya zama ƙasa. Na sami ƙusoshi masu tsatsa, da mariƙin ƙarfe guda biyu. A tsakiya na sami maɓallan riga na ƙarfe a jere, da ƙaramin gicciye. Na bi daga kai zuwa ƙafa ina murje ƙasar a tafin hannuna, na dawo na sake bi. Ko naman mutum ya tafi, ko ƙananan ƙasusuwa sun narke, ƙoƙon kai da haƙora ba sa tafiya haka nan. Babu ko ɗaya. Sai wasu zaruruwa baƙaƙe masu kama da ruɓaɓɓiyar igiya.

Na tsuguna a ramin zufa na shiga idona. Ba mai ganin hannuna daga sama, don tsoro ya hana kowa matsowa baki. Da na ɗaga murya na ce akwai, na nemi a ba ni farin ƙyalle na rufe, wallahi ko Alhaji ba zai leƙo ba. Na yi tunanin haka, ba zan ɓoye ba, kuma na daɗe ina yi. Na ɗaga kai na ga Mama ita kaɗai a bakin ramin, ta dogara da sandarta, tana jira da fuskar wadda ta riga ta yi nasara.

Mai unguwa ya ce, "Malam, me ka gani?"

Na ce, "An haƙa shi kabari, an sa akwati, an rufe. Amma babu ƙashi."

Wani daga cikin leburori ya yi ihu cewa jiƙaƙƙu sun tashi. Wuri ya yamutse. Masu gudu na gudu, wani matashi na Sabon Gari yana cewa an sace ƙasusuwan ne da dare, wani daga namu ɓangaren ya sunkuya ya ɗauki dutse. Ina cikin rami, na san in aka fara jifa ba ni da wurin zuwa. Sai dattijon cocin ya hau kan tulin ƙasar da na tono, ya ɗaga hannu biyu yana roƙo, har aka yi shiru.

Ya ce ba a sace kowa ba, ba kuma wanda ya tashi. Kogin bai dawo da ko mutum ɗaya ba. A al'adarsu, in ruwa ya ci mutum ba a ga gawa ba, ba a barin sa haka. Sai a sare kututturen ayaba daidai tsawonsa, a sa masa tufafinsa, a saka a akwati, a yi masa addu'a a binne, don ya sami wurin kwanciya. Haka aka yi wa duk na jerin nan. Manya sun sani, amma ba a gaya wa marayu. Ya ce shi ma a bakin mahaifinsa ya ji, kuma ya so ya gaya wa Mama tun a zauren mai unguwa, bakinsa ya kasa.

Mama ba ta yi kuka ba. Ta dai nemi dutsen kan kabarin ta zauna. Alhaji ya sunkuyar da kai, amma bai janye ba, mai unguwa kuma ya ce alkawari an riga an yi shi a gaban shaidu, fili ya zama na Alhaji. Kafin azahar jama'a sun watse, ba a fasa kan kowa ba.

Na fito na tattara maɓallan da gicciyen a cikin hulata na kai mata. Ta juye su a bakin zanenta ta ƙulle. Na riƙe hannunta muka fita titi, na tare mata adaidaita. Sai da ta zauna, ta gyara sandarta, sannan ta dube ni.

"Malam," ta ce, kuma ba ta taɓa kirana haka ba, "kai kaɗai ne a cikin ramin nan. Me zai rage ka da ka ce mini yana nan?"

Har yau ban ce na yi kuskure ba, amma raina bai taɓa yin daɗi da abin da na yi ba. Mai adaidaita ya tambaye ta ina za ta, ta ce gida, suka shiga cunkoson motoci ina tsaye da ƙasar kabarin a farcena.