Dattijo da Kwandon Kan Benci

A ɗakin jira na tashar mota, wani dattijo yana tsaye jikin bango, rigarsa fes, ta sha guga. Yatsunsa sun guntule, shi ya sa ya rataye jakarsa a gwiwar hannu. Ina zaton ya daɗe da warkewa daga kuturta, wataƙila ma wajen jikoki za shi. Akwai wuri a benci, amma wata mata tana ganin hannunsa ta ɗora kwandonta a wurin.

Talabijin yana nuna wasu manyan biran daji da aka gano sun kamu da kuturta, fuskokinsu duk kumburi.

"Wayyo, Allah sarki!" in ji matar. "Dabba ba baki, wa zai kai ta asibiti?"

Takaici ya kama ni. Wai biri take wa wayyo, ga mutum tsaye a gabanta!

Dattijon ya tako a hankali, ya tallabi kwandon da dungulminsa, ya sauke shi ƙasa, ya zauna.

"Baba, abinci ne fa a ciki!"

"Na gani, 'yata," ya ce. "Ni kuma ƙafafuna sun gaji."