Jakar Kamarar da Inna Ta Ɗinka Mini

Aikina ɗaukar hoto ne a gidajen biki da na suna, ɓangaren mata, inda maza masu kamara ba sa shiga. Yayana ne ya koya mini. Da ya samu aiki a Anou Araren sai ya bar mini kayansa gaba ɗaya: kamara, da idanunta guda biyu da muke kira objektif, da filashi, da wata baƙar jakar goyo wadda ɗan akuya zai kwanta a cikinta ya miƙe ƙafa. Shi dogo ne mai faɗin kafaɗa, jakar ta dace da shi. Ni kuwa in na goya ta, wanda ke bayana ba ya ganin komai sai jaka da ƙafafu biyu.

Shekara biyu ina fama da ita. Masu kabu-kabu suna guna-guni in na hau babur, wai nauyi ya koma baya. A lungunan tsohon gari, in na haɗu da mai tallar ruwa sai ɗayanmu ya koma da baya. Duk na haƙura, har ranar da na shiga ɗakin wata amarya da aka gama jere. Na durƙusa na ɗauki hoton gado, na miƙe, na juya don in ɗauki amarya, sai na ji ƙara a bayana. Jakar ta share kwalaben turare da kofunan shayi da aka jera kan tebur, kaf. Uwar amarya ta ce, “Ba komai, ɗiyata, tsautsayi ne,” amma da irin muryar da ke nuna akwai komai. Da tsintsiya a hannu na ƙarasa aikin ranar.

Da na koma gida na zauna na rubuta abin da nake so a bayan wata takarda. Ƙaramar jaka ta ratayawa a kafaɗa, wadda za ta zauna a gefen cikina inda idona ke ganin ta. Ta ɗauki kamara da objektif a jikinta, da objektif na biyu a gefe, da batiri, da ƴan katin ajiyar hoto. Ta zama da soso a ciki saboda bugu. Ta buɗe da hannu ɗaya. Baƙa, ba ado. Na ɗauka abin yini guda ne.

Na shiga babbar kasuwa da kamarata a hannu. Mai shago na farko ya miƙo mini jakar ƴan lakkwal, wato ƴan makaranta, mai hoton zomo. Na biyu ya kawo jakar zuwa biki mai ƙyalƙyali da sarƙa, ya ce duk manyan mata ita suke riƙewa. Na ce masa ba manyan mata zan sa a ciki ba. Na uku ya saurare ni da kyau har na fara murna, ya shiga ciki ya daɗe, ya fito da wata sakoshi, jakar takardu, shafal kamar faifai.

“Kamarar ba za ta shiga ba,” na ce.

“Za ta shiga, Hajiya. A kwance.”

“Ko a kwance ba za ta shiga ba. Duba kaurinta.”

“To a cire wannan hancin nata mana.”

A ƙarshe na samu wata mai kama da abin da nake nema, na saya. Kwana huɗu ta yi. A tsakiyar wani suna na ja farmetin bakinta, wato zif, don in zuge, kan farmetin ya biyo hannuna, jakar ta tsaya a rufe da batirina a ciki. Da wuƙar yankan albasa aka farka ta.

Labarin nan ne ya kai kunnen Inna, yayar mahaifiyata. Ita baduka ce, tun tana budurwa take aikin fata, kuma a unguwarmu babu gidan da ba za ka samu matashi ko zabira ta hannunta ba. Ta aiko a kira ni. Na same ta a zaure kan tabarma, fatu a gefe, basilla a hannu. Ba ta ko amsa gaisuwata da kyau ba.

“An ce kina yawo a kasuwa kina sayen jakar roba.”

“Inna, irin wadda nake so ta daban ce.”

“Ta daban da me? Ba baki gare ta ba? Ba ciki gare ta ba? Ni da rai, ɗiyar ƙanwata tana bin shaguna kamar marar kowa. Kawo abin nan in gani.”

Na miƙa mata kamarar, ta kama ta ta wajen gilashi. Ta auna ta da taƙi, ta juya ta, ta mayar mini. Na ciro takardata na fara karanta mata. Ta ɗaga hannu.

“Ajiye takarda. Na ji. Ƙarama, mai ƙarfi.”

“Kuma baƙa, Inna. Ba ado.”

“Na ji, na ce.”

Bayan sati biyu ta aiko in zo. Gaskiya ban taɓa ganin jaka mai kyau irin wannan ba, kuma ban taɓa ganin wadda ta yi nisa da abin da na roƙa kamarta ba. Ja ce jawur, da zanen tsanwa da rawaya a gaba, da geza mai sauka har gwiwata. Marfinta irin na zabirar Buzaye ne, kube da ake zarewa sama a kan igiya, sai ka sa hannu biyu da haƙuri. Babu soso. Na gwada sa kamarar, ta shiga rabi ta tsaya.

“Inna, ba ta shiga ba.”

“Fata ce, za ta saki.”

“Na ce baƙa.”

“Baƙa ta masu takaba ce. Ke gidan biki kike zuwa.”

Na roƙe ta, na lallashe ta, har ta yarda ta sake. Ta faɗaɗa cikin, ta cire kuben ta sa marfi mai maɓalli. Na ce geza fa? Ta ce ta rage. Da na auna, ta rage kamar tsawon ɗan yatsa. Na ce soso fa? Ta ce ita ba katifa take ɗinkawa ba, ta ninka fatar biyu, ya isa. Mahaifiyata ta ja ni gefe ta ce in karɓa in yi godiya, kada in jawo mata magana da yayarta. Na karɓa na yi godiya.

Wata guda na yi ina yawo da ita. Duk gidan da na shiga, kafin a dubi kamara an dubi jaka. Mata su tare ni suna shafa geza suna tambayar wa ya yi, ni kuwa ango yana shigowa ta can, hoton yana wuce ni. Jan rinin ya kama gefen farin mayafina bai fita ba har yau. Objektif na biyu yana kai da kawo a ciki yana gogar kamara, dole na riƙa naɗe shi da safar maigidana.

Sai wasu mata masu lambu a Dabaga suka nemi in je in ɗauki hoton amfanin gonarsu. Maigidana ya ɗauke ni a moto, wato babur, da sassafe. Mun kusa isa, muna gangarawa cikin wani kori, busasshen rafi mai yashi, sai na ji an fizge ni ta wuya zuwa ƙasa. Gezar ce ta shiga wayar ƙafar baya ta naɗe. Moto ta tsaya cak, muka zube mu biyu. Allah ya taimake mu yashi ne kuma ba gudu yake yi ba. Na tashi da ƙujewa a gwiwar hannu da shatar igiya a wuya. Maigidana ya zauna yana warware geza ɗaya bayan ɗaya daga cikin waya. Da ya gaji ya ciro wuƙa ya yanke ta.

Washegari na tafi wurin Inna da jakar, ko zama ban yi ba. Na nuna mata wuyana, na nuna mata hannuna, na ba ta labari tun daga farko. Ta saurara, ta karɓi jakar ta duba inda aka yanke.

“Wa ya yi wannan yankan banza?”

“Inna, kusan mutuwa na yi!”

“Allah ya kiyaye gaba. Kamarar ta fashe?”

“Ba ta fashe ba.”

“To kin ji. Jakar ta yi aikinta.”

A nan haƙurina ya ƙare. Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar. Na ce mata sau uku ina faɗin abin da nake so, sau uku tana ɗinka abin da take so. Na ce ita in tana aiki ba wanda ke zaɓar mata basilla, don me ni za a zaɓar mini kayan aiki? Na ce ba ado nake zuwa yi gidajen mutane ba, abincina nake nema. Ina gama faɗa kunya ta rufe ni. Na tsaya ina jiran ta kore ni.

Ta ajiye jakar. Sannan ta ce, “Yaushe kike da biki?”

“Asabar. A Dagmanet.”

“Ki biyo ki ɗauke ni. In ga wannan aikin da ake yi mini ihu a kansa.”

Ta zo kuwa, ba gayyata ba komai. Ta samu kujera a tsakar gida ta zauna kamar ita ce uwar biki, aka kawo mata fura. Duk inda na juya idonta yana kaina. Ta ga ina durƙusawa, ina hawa kan turmi, ina kutsawa tsakanin masu rawa da kamara a hannun dama, hagu kuma tana laluben batiri. Ta ga lokacin da na tsaya sauya objektif, na rasa inda zan ajiye na farko har na maƙale shi a hammata, safa a baki. Muna hanyar komawa ba ta ce na yi ƙoƙari ba. Abin da ta ce shi ne, “Ashe hannu ɗaya gare ki.”

“Abin da nake ta faɗa ke nan, Inna.”

“Ba haka kika faɗa ba. Takarda kika karanta mini.”

Wannan karon ta ce in bar mata kamarar da kayanta yini guda. Ban so ba, amma na bari, na cire batiri da kati tukuna. Da na dawo na tarar ta yanka gefen tsohuwar katifarta, ta fere soson da reza, ta yi ɗakuna uku, kowane abu da gurbinsa. Kwana goma bayan haka jakar ta fito. Ƙarama ce, ba ta fi tsawon taƙi ɗaya da rabi ba. Ba baƙa ba ce, ruwan ƙasa ce mai duhu, ta ce iyakar abin da za ta iya ke nan. Marfin yana buɗewa waje, ba wajen jikina ba, yadda babban yatsa kaɗai ya isa. Ba geza ko ɗaya. Na sa kamara ta zauna daram. Na ɗaga marfin da kyau, sai ga zane a cikinsa, ja da tsanwa da rawaya, an cika shi ba masaka tsinke.

“Inna.”

“A ciki yake. Wa zai gani? Abu ba zai fita daga hannuna tsirara ba.”

Na yi dariya, na yi godiya ta gaskiya, na rataya. Sai jakar ta tsaya mini a ƙarƙashin hammata. A jikinta ta auna igiyar, ita kuwa ko kafaɗata ba ta kai ba. Na ce a ƙara tsawo kaɗan. Ta ce haka ya fi, ɓarawo ba zai fizge ba. Na ce hannuna ba ya lanƙwasa ya shiga. Ta ce zai saba.

Ban sake musu ba. Na ɗauki jakar a ɓoye na kai wa wani mai gyaran takalmi can bakin tasha, nesa da unguwarmu, ya ƙara mata guntun fata mai kusan launi ɗaya. Sai ga ta daidai ƙugu. Wata biyu na yi cikin jin daɗi. Ina shiga ɗaki in juya yadda na ga dama, ina sauya objektif a tsaye, ba wanda ke tare ni. In zan je gaishe da Inna sai in bar ta a gida.

Ranar da asirina ya tonu, suna ake yi a gidan maƙwabtanta, ni kuma na manta na tafi da jakar. Ina cikin ɗaukar mai jego sai na ji an kama igiyar ta baya. Inna ce, ta jawo ta kusa da idonta, ta bi ɗinkin da farce.

“Wane makaho ne ya yi wannan?”

“Inna, ina cikin aiki.”

“Da zaren roba! A jikin fatata! Cire.”

A gaban mutane ta sa na kwashe kayana, ta naɗe jakar a mayafinta ta tafi da ita, wai za ta warware ta yi mini sabuwar igiya ta mutunci. Lokacin kuwa bayan Salla ne, biki a kan biki. Kwana tara jakar tana wurinta. Kullum na aika sai ta ce fatar ba ta gama shan mai ba. Biki biyar na yi a kwanakin nan da kamara a wuya, objektif da batiri a cikin kwanon silba mai marfi, na shimfiɗa musu tawul a ƙasa. A gida biyu an karɓi kwanon daga hannuna tun a ƙofa, an yi mini godiya, an nufi madafa da shi.