Dubu Goma da Ɗari Huɗu da Uku

Shekara talatin da takwas Baba Mai Sito ya yi yana ɗaure littattafai a gidan ɗab'i, kuma wallahi bai taɓa riƙe kwalkuleta ba. Fensir ne a bayan kunne, sai gutsuren kwali. Shi a wurinsa lambobi hali gare su kamar mutane. Akwai masu kirki, irin su dubu biyar da arba'in, ko ta ina ka raba sai su rabu daidai. Akwai kuma masu taurin kai, waɗanda ba sa rabuwa sai da ɗaya ko da kansu.

"Wannan halin surukina ne da ita," haka yake cewa, ma'aikata su yi ta dariya.

Tun ranar da idonsa ya fara hazo ya yi wa Manaja alkawari, ita da ya goya tana ƙarama a zamanin mahaifinta: duk ranar da ya yi kuskure, zai ajiye makullin sito, ya bar aiki.

Wata Talata aka buga littattafan rubutu dubu goma da ɗari huɗu da uku, mai kaya yana so a ɗaure su ƙunshi-ƙunshi daidai wa daida. Baba ya gwada rabawa da uku, ya gwada bakwai, ya yi ta hawa har casa'in da bakwai, inda ya saba tsayawa.

"Mai taurin kai ce! A cire uku."

Aka cire, aka ɗaure ɗari-ɗari, mota ta tafi. Mai kaya har godiya ya yi.

Da rana yana shan shayi, littattafan nan uku suna kan teburinsa, sai zuciyarsa ta ƙi kwanciya. Ashe tsayawa a casa'in da bakwai ta lambar da ba ta kai dubu goma ba ce, wannan kuwa ta wuce. Ya jawo kwali, ya gwada ɗari da ɗaya. Tsaf! Ƙunshi ɗari da uku, ko ɗaya bai yi saura ba. Kunya ta kama shi, ga baƙin ciki, don yana son ɗakin nan da warin tawadarsa fiye da yadda zai iya faɗa.

Ya sha sauran shayin, ya wanke kofi, ya hau bene.

Manaja ta duba kwalin, ta duba makullin da ya ajiye mata, idonta ya ciko.

"Haba Baba! Littafi uku fa? Babu wanda ya yi asara. Ɗauki abinka, don Allah. Wa ma ya sani?"

"Ni na sani, 'yata," in ji shi.

Sannan ya ja kujera ya zauna, ya fara yi mata bayanin ɓangaren da rufin siton yake yoyo, kada wanda zai zo ya jera takarda a wurin.