Casa'in da Ɗaya a Kan Allo

Aikina, in har aiki ne, shi ne bin diddigin lambobin da ba sa rabuwa sai da ɗaya ko da kansu: biyu, uku, biyar, bakwai, haka har illa masha Allahu. Digiri na uku nake yi a kan tazarar da ke tsakaninsu. Na taɓa yi wa Inna bayani, ta saurara tsaf, sannan ta ce, "Wato ɗan nan, har ka fara sanƙo, ƙirga kake koyo har yanzu?" Ban sake ɗauko mata zancen ba.

Abin da ke riƙe da ni a jami'ar aji ɗaya ne na 'yan shekarar farko da aka ba ni aro. Ina kuma da wata dabara da nake taƙama da ita: kullum sai na shuka kuskure a allo da gangan, in jira a kama ni. Da farko ido kawai suke zuba mini. Daga baya suka goge, ko alli ban ajiye ba hannaye sun tashi. Suka sa mini suna Malam Tuntuɓe. Ni kuwa kaina ya kumbura, ina ganin na gano abin da ya gagari magabata.

Ran nan shugaban sashe ya zo ya zauna a bencin baya, don ya ga ko za a bar mini ajin. Na ce a raina yau zai sha mamaki. Na jera lambobin nan marasa rabuwa, na cusa casa'in da ɗaya a tsakiyarsu, alhali bakwai sau goma sha uku ce. Na juyo ina murmushi.

Ko hannu ɗaya bai tashi ba.

"Kowa ya yarda?"

"Mun yarda, Malam!"

Na ja layi a ƙarƙashin lambar. Na yi gyaran murya. Ɗalibar da ke zama a gaba, wadda ba ta taɓa barin kuskurena ya kwana ba, ta duƙufa kallon farcenta. Shugaban ya miƙe ya fita, na bi shi baranda gumi na keto mini.

"Ranka ya daɗe, da gangan ne."

Ya ce, "In da gangan ne, ɗalibanka ba su iya ba. In ba da gangan ba ne, kai ne ba ka iya ba. Zaɓi ɗaya."

Na koma aji ina huci, na tsare ɗalibar nan. "Ke ma ba ki gani ba?"

"Haba Malam, bakwai sau sha uku fa. Duk mun gani. Tun a bakin ƙofa muka yi shawara, yau ko cewa ka yi ɗaya da ɗaya uku ne, ba mai kunyata ka a gaban baƙo."

Na fasa faɗan da na zo yi. Ban taɓa jin an so ni haka ba. Da shekara ta zagayo, wani aka ba ajin.