Hular Baba Ta Je Caina

Baba bai taɓa riƙe dala a hannunsa ba, amma duk Ƙofar Galadima babu wanda dala ta wulaƙanta kamarsa. Ɗinkin hula yake yi, na hannu, a zauren gidanmu, kuma duk ranar da ya je sayen zare sai ya dawo yana sababi. Mai zare ya ce dala ta tashi. Mai allura ma ya ce dala ta tashi. Ran da Inna, mahaifiyarmu, ta rage girman ƙosai ta ce dala ce, ajiye ludayin koko ya yi.

"To ke kuma daga Amurka ake kawo miki waken?"

Ni malamin firamare ne, don haka a gida an ɗauka na san komai. Na yi masa bayani cewa daga waje ake shigo da zaren, da dala ake biya. Ya ce to ai hularsa ma sai ta tashi. Na ce, "Baba, ai masu naira ne ke sayen hularka." Ya dube ni sama da ƙasa ya ce kuɗin makarantata sun tafi a banza.

Abu ɗaya Baba ke taƙama da shi a duniya: ba a taɓa ganin karkata a hularsa ba. Layi ɗaya ya kauce, sai ya warware aikin kwanaki ya sake.

Sai ga ranar akuya. Yana ɗinka wata ƙube mai ruwan toka, akuyar maƙwabta ta faɗo zaure ta wawuri ganyen da ya naɗe goronsa. Ya bi ta da takalmi har bakin hanya, ya dawo yana huci, ya ci gaba da ɗinki bai duba zane ba. Sai da ya gama ya ga layin gefen hagu ya yi wata 'yar gwiwa. Ya ajiye hular a kan gobe zai warware.

Da la'asar wani Alhaji ɗan unguwarmu, mai zuwa Caina sarin kaya, ya biyo ya gan ta.

"Malam, wannan nake so."

"Ba ta sayarwa ba ce, da aibi a jikinta."

"Haba Malam, wa zai lura?"

Alhaji ya ƙara kuɗi, Baba ya ƙi. Sai Inna ta yi gyaran murya daga cikin gida, irin wanda ke nufin masara ta kusa ƙarewa. Hula ta tafi.

Ashe samfur Alhaji ya saya, ya kai Caina a buga masa irinta! Bayan wasu watanni, ran wata Juma'a, ina sahun baya na ɗaga kai na ga hular Baba a gabana. Na dubi dama, ga wata. Hagu, har biyu. Mai toka, mai shuɗi, mai ruwan ƙasa, kowacce da gwiwar nan a gefen hagu. Inji bai san labarin akuya ba, abin da aka ba shi ya kwafa har da aibin. Wallahi saura kaɗan dariya ta ɓata mini salla. A kasuwa kuwa kuɗin guda bai kai na zaren da Baba ke ɗinka hula ɗaya da shi ba.

Baba ya sa babbar riga ya tafi gidan Alhaji. Kada ku ɗauka rabonsa ya je nema. Cewa ya yi a buga wa mutanen Caina waya su miƙe layin, suna zubar masa da mutunci. Alhaji ya yi dariya har da share hawaye, ya ce kwantena ta biyu tana kan teku. Ya ba shi hula ɗaya, wai tukuici. Inna ce ta gaje ta, tana sauke tukunya da ita.

Daga nan zaure ya yi tsit, babu masu saye, zare kuma bai daina tashi ba. Don haka da wani ma'aikaci mazaunin unguwar Kongo ya zo ya ce ta hannu yake so don ɗaurin auren 'yarsa, Baba har waƙa ya riƙa yi ƙasa-ƙasa. Ya ɗinka masa ƙube wadda ban taɓa ganin mai kyanta ba, kowane layi sambal.

Mutumin ya zo karɓa, ya juya ta, ya ɓata fuska.

"Malam, ina lanƙwasar?"

"Wace lanƙwasa?"

"Ta gefen hagu mana, ita ake yayi. In na sa wannan cewa za a yi jabu na saya."

Jabu! Na miƙe, raina ya yi mummunan ɓaci, na fara cewa ya san wanda yake gaya wa haka kuwa? Baba ya ce in zauna. Ya ɗan kasa kunne wajen cikin gida. Inna ba ta yi gyaran murya ba, ta san ba sai ta yi ba.

"Ka dawo jibi," in ji Baba.

Da mutumin ya fita, ya sa bakin allura ya warware layin nan mai kyau. Ya gwada karkata shi, hannu ya ƙi, layi ya sake miƙewa. Ya sake gwadawa, haka dai. Sai ya yi mini magana bai ɗago kai ba.

"Shiga wurin uwarka ka karɓo mini ta Cainar nan, in ga yadda suka yi."

Na kawo masa ita, duk baƙin tukunya. Ya karkaɗe ta, ya ɗora a gwiwarsa, ya gyara zaman tabarau, ya fara kwafa. Ni da na kusa ɓata salla saboda hular nan, ranar dariya ba ta zo mini ba.