Ƙarafan Yaya Idi da aka raba uku

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana, Alhaji Idi mai goro, Allah ya jiƙan shi. Mutanen kasuwar Malanville da goro suka san shi. Mu na gida kuwa da ƙarfe muka san shi, don ba ya dawowa daga kasuwa sai ya shige zauren baya ya zauna gaban akwatinsa na taro.

Ba taron jama'a nake nufi ba. Haka makanikai ke kiran siririn ƙarfen nan mai kaifi da ake murɗawa cikin rami ya yanka haƙora, don bulon, wato ƙusa mai murɗi, ya samu abin kamawa. Yaya Idi ba sana'arsa ba ce, so ne kawai, kuma wallahi son ya kai. Idan ya tsinci wanda bai gane ba wajen masu tsofaffin ƙarafa, sai ya danna shi jikin sabulu, ya yi ta kallon shaidar haƙoran. Sabulun wankina nawa ya ɓata haka, in yi ta faɗa yana dariya! Da haka ya gane mai murɗin hagu na fedar keke, da mai tsukakken baki na bututun ruwa, da na ramin buji, wato fulogin inji. Ya koya mini cewa wasu uku-uku suke tafiya: mai zobe ɗaya ya fara buɗe hanya, mai zobe biyu ya bi, marar zobe ya ƙarasa. Tsallake ɗaya, ƙarfen ya karye cikin rami.

Masu rabon gado ba su san wannan ba. Suka zube ƙarafan bisa tabarma, suka ga uku-uku ne masu kama da juna, ga 'ya'ya maza uku, sai suka ba kowa ɗaya. Bashiru babba ya samu na farawa, Nuhu na tsakiya, Laminu auta na ƙarasawa. Daga baya rigimar rumfar kasuwa ta shiga tsakaninsu, har gaisuwa ta yanke. Wannan ya fi mutuwar ci mini rai, ban ɓoye ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da zamanin nan, da in haƙori ya cinye sai a cusa leda, ko a jefar a sayi sabo. Na san zai yi tsaki. Amma tsakin da zai yi wa 'ya'yansa ya fi.

Bana, lokacin dashen albasa, Nuhu ya zo mini daga Garou, ƙafa duk laka. Tsohon injin ban-ruwan da ya gada ya zubar da haƙora a wani rami, ga irin albasa ya fara kwantawa. Ya ɗauki shaidar bulon a sabulu yadda ya ga ubansa na yi, ya zaga garin nan, ya ƙetare Gaya, ba mai irinsa. Haƙoran tsohon awo ne. Taron da zai yanka su a akwatin ubansu kaɗai yake, kuma na tsakiya kawai ke hannunsa.

"Gwaggo, ki amso mani wajensu," in ji shi.

Na ce, "Ni 'yar aikenka ce? Tahi da ƙafarka."

Ya tafi. Bashiru bai amsa sallamar da daɗi ba, amma ya ɗauko nasa ya hau bayan babur, ni ma na hau wani na bi su. Laminu ya aiko nasa ta hannun ɗan kabu-kabu, na ce to, ko haka ma an gode. Ba mu gama sauka bakin gona ba sai ga Laminu da kansa ya biyo mu, yana huci.

"Ban yarda ku karya mani shi ba," in ji shi. Iyakar gaisuwar ke nan.

Ina zaune a inuwa ina kallo. Bashiru ya ɗiga man gyaɗa, ya murɗa gaba, ya ɗan koma baya don ɓarɓashi ya fita, sak hannun ubansa. Ya zare ya matsa wa Nuhu. Da aka zo kan Laminu, ya so ya yi gaggawa, sai Bashiru ya dafa wuyan hannunsa ya ce, "Sannu, auta. Baba bai yi hakanan." Na juya fuska, don hawaye sun zo mini. Injin ya tashi, ruwa ya bi kwalbati ya shiga albasa.

Ba zan ce komai ya gyaru ba. Maganar rumfa na nan, sai dai yanzu a zaune ake yin ta, a tsakar gidana. Goron Yaya Idi an cinye, zauren baya ya zama ɗakin ajiyar shinkafa. Abin da ya rage shi ne wannan murɗin a hannun 'ya'yansa.

Ranar, da suka gama, kowa ya goge ƙarfensa ya sa aljihu. Na buɗe baki zan ce su haɗa su wuri ɗaya a hannun mutum guda, yadda mai su ya ajiye. Sai na tuna injin tsoho ne, akwai sauran ramuka jikinsa. Na bar kowa ya tafi da nasa, don in wani ramin ya cinye, dole su sake haɗuwa.