Ƙofar da Baba Ya Toshe

Ranar wata Asabar a ƙarshen shekarar 1990, ina 'yar shekara tara, ni da ƙawata Hinde muka ɗare katangar makarantarmu ta firamare a Ƙofar Durɓi, muna shan rake muna kallon manya sun shiga layi kamar 'yan aji ɗaya. A filin da muke taron safe aka kafa sanduna biyu, kowace da hoton ɗan takarar kansila manne a kwali. Zaɓen lokacin babu akwati, babu dangwala yatsa. Wanda kake so, bayan hotonsa za ka tsaya da rana tsaka, kowa na ganinka, a zo a ƙirga ku ɗaya bayan ɗaya. Hoto ɗaya na mahaifina ne, ya kafa hula ya ɗaure fuska, irin ɗaurewar da yake yi in an ɓatar masa da almakashi.

Baba yadi yake sayarwa a kasuwa, kuma har yau ban san abin da ya kai shi siyasa ba. Gwamnatin soja ce ta ƙirƙiro jam'iyyu biyu, ta gina musu ofisoshi iri ɗaya sak, ta ce kowa ya zaɓi wadda zai shiga. Malaminmu ya ce ta su Baba ta ɗan karkata dama, wai ta masu son a sakar wa 'yan kasuwa mara ce, kowa ya nemi na kansa. Ni kuwa na ga 'yan kasuwa a can, na ga leburori a nan, duk masallaci ɗaya suke salla. Da na tambayi Baba bambancin, ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Wagga tamu ce, waccan tasu."

Gidanmu da gidan su Hinde katanga ɗaya ce ta raba su, kuma tun zamanin kakanni aka huda 'yar ƙofa a jikinta, wadda babba sai ya sunkuya yake wucewa. Ta nan garwashi yake zuwa da safe in wutar Inna ta mutu. Ta nan ake aron turmi da rariya, ta nan suke ɗiban ruwa a rijiyarmu, kazarmu ma a akurkinsu take ƙwai. Ni da Hinde ba mu san gidan wa muke ba sai an kira mu cin tuwo. In mun gama wanke-wanke, a bakin ƙofar muke baje duwatsun carafke, ita ta wancan gefe, ni ta wannan. Mahaifinta, Baba Iro, tela ne, abokin Baba tun suna makarantar allo. Shi ya ɗinka tutocin jam'iyyar da kekensa, ya ƙi karɓar ko sisi.

A ranar zaɓen Baba Iro yana layinmu, da idona na gan shi. Can ya hango surukinsa, kakan Hinde, tsoho mai sanda, a ɗaya layin. Ya tsallaka, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa. An tashi lafiya, ya iyali, ya ƙafar, ya mutanen gida, ya aka ji da jama'a. Tsohon ya riƙe hannunsa ya shiga ba shi labarin ciwon gwiwa. Ana cikin haka aka busa usur, mai ƙirga ya taho yana taɓa kafaɗu. Wa zai fizge hannunsa daga na suruki ya ruga? Baba Iro na durƙushe aka taɓa kafaɗarsa aka wuce. Mu a kan katanga muka yi ta dariya har rake ya sarƙe ni.

Baba ya faɗi zaɓe. Da la'asar ya dawo ya zauna a tabarma, Inna ta ajiye masa fura, bai ko kalle ta ba. Shi bai ga abin da ya faru ba, yana can gaba wajen hotonsa. Ana cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, amma ran nan katanga kawai na hau na hango abin da ya fi ƙarfina. Don in sa shi dariya na ce, "Baba, ka ga Baba Iro kuwa? A layin can aka ƙirga shi." Na kwaikwayi durƙuson, na kwaikwayi tsohon. Ba wanda ya yi dariya. Inna ta harare ni ta ce, "Uwani, baki shi ka yanka wuya."

Kwana biyu bayan nan aka kawo magini. Ina tsaye ya kwaɓa ƙasa, ya jera tubali a 'yar ƙofar, Hinde na leƙowa ta sama har layin ƙarshe ya rufe mata fuska. Ba a yi faɗa ba, ba a ɗaga murya ba. Baba da Baba Iro suka ci gaba da gaisawa a masallaci, gaisuwa cikakkiya, har da tambayar iyali. Abin da ya fi ruɗa ni ke nan. In ana gaba, me ya kawo gaisuwa? In ba a gaba, ina ƙofarmu? Ba wanda ya hana ni zuwa gidansu, sai dai yanzu sai na sa mayafi, na fita ta zaure, na zaga lungu, na yi sallama kamar baƙuwa. Tun ina zuwa kullum, na koma Juma'a-Juma'a. Kunyar Baba Iro nake ji, don na san bakina ne. Kazar ma ta yi kwanaki tana kai-komo a gindin katanga, daga baya ta haƙura.

A ƙarshen 1993 rediyo ya ce sojoji sun rushe jam'iyyun duka biyu. Na yi tsalle, na ruga na tsaya gaban katangar, a zatona za a aika kiran magini. Tunda abin da aka yi dominsa ya mutu, me ya rage? Tutocin da Baba Iro ya ɗinka Inna ta mayar da su tsumman goge fitila. Baba ya koma kan yadinsa, bai ƙara ambaton siyasa ba. Katanga ta zauna yadda take, da aka tashi gyaran gida ma aka shafe ta da siminti. Hinde ta yi aure ta bar gari, muka koma sai a biki ko a makoki.

Da Baba ya tsufa, ina yanke masa farce wata rana, na yi ƙarfin hali na ce, "Baba, ka san gaisuwa ce ta tsare Baba Iro ran nan?" Ya ce, "Na sani. Ko ni ne ba ni tashi." Na ce to me ya sa aka toshe ƙofar? Ya daɗe yana kallon katangar, sannan ya miƙo mini ɗaya hannun. Ranar da ya rasu, Baba Iro ne ya yi masa wanka, kuma ta zaure ya zago ya shigo.

Yanzu a ɓoye ake zaɓe, ba mai sanin inda maƙwabcinsa ya dangwala. 'Ya'yana ko sunan jam'iyyar ba su taɓa ji ba, shekara huɗu kacal ta yi a duniya. Amma in na je gida, damina ta jiƙa katanga, shatin 'yar ƙofar yakan fito a jikin siminti, daidai ƙirjina. Nakan ji jikokin Baba Iro suna wasa ta bayanta, kuma ban san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba.